Tayar Da Babbar Mota Cikin Tsananin Sanyi Inda Babu Lantarki: Hanyoyi Da Lissafin Kuɗinsu

A birnin Yakutsk da ke gabashin Saberiya ta ƙasar Rasha, sanyin watan Janairu yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, wato ma'aunin da ruwa ke daskarewa a kan sifirinsa. Direbobin manyan motocin da ke kai abinci da mai da kayan gini daga wannan birni zuwa garuruwan da ke nesa suna da wata al'ada da za ta ba mai motar haya a ƙasar nan mamaki. Idan suka kama hanya ba sa kashe inji, ko sun tsaya cin abinci, ko sun kwanta barci, kuma haka za su yi ta yi har kwanaki ko makonni. Dalilinsu shi ne, motar da aka kashe a daji, inda babu gareji babu wayar lantarki, mai yiwuwa ne ta ƙi sake tashi, kuma a irin wannan sanyi ƙin tashin mota yana iya zama ajalin direbanta.

Wannan matsala ba ta tsaya ga Rasha kaɗai ba. Ana fama da ita a arewacin Kanada, inda ake kai kaya ma'adinan lu'ulu'u ta kan tafkunan da suka daskare, da jihar Alaska ta Amurka, inda hanyar Dalton mai tsawon kilomita 666 ke kaiwa rijiyoyin mai na gaɓar tekun arewa, da kuma ƙasashen Finlan da Suwidin da Norwe. A duk waɗannan wurare tambayar ɗaya ce: ina za a samo zafin da za a ɗumama inji da shi, kuma nawa ne kuɗinsa?

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗan kasuwar Nijeriya da sanyin Saberiya. Amsa ita ce, akasarin manyan motocin da ke bin hanyoyinmu, irin su DAF da MAN da Mercedes da Scania da Volvo da Mack da Howo, an ƙera su ne a ƙasashe masu sanyi, da yawa kuma sun yi aiki a can kafin a kawo su. 'Yan kasuwarmu suna zuwa Beljiyam da Holan da Jamus sayen mota har a tsakiyar lokacin sanyi. Bugu da ƙari, lissafin man da ake ƙonawa a banza da sunan ɗumama inji ya shafi kowane mai mota, ko a ina take kwana.

Abin Da Sanyi Ke Yi Wa Injin Dizal

Injin fetur yana da fulogi mai ƙyasta wuta. Injin dizal, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya kammala na farko mai aiki sosai a birnin Augsburg a 1897, ba shi da wannan. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda har ta koma kashi 1 cikin 16 ko 18 na girmanta, matsin ya sa ta yi zafin da ya haura digiri 500. A nan ne nozul ke fesa man dizal, wanda direbobi ke kira gas, ya kama da kansa. Saboda haka duk abin da ya rage zafin wannan iska, ko ya rage saurin juyawar inji a lokacin da aka murza makulli, zai hana mota tashi.

Sanyi yana kawo cikas ta fuskoki huɗu a lokaci guda. Na farko, ƙarfen inji mai sanyi yana shanye zafin iskar da aka matse kafin mai ya kama. Na biyu, baƙin mai yana yin kauri kamar zuma, inji ya yi nauyin juyawa, kuma man ya daɗe kafin ya isa sassan da ke gogar juna. Na uku, batir yana rasa ƙarfi, domin sinadaran da ke cikinsa ba sa aiki da sauri a cikin sanyi. Wannan ne ya sa ake auna ƙarfin batir a digiri 18 ƙasa da sifiri, kuma lambar da ake rubutawa a jikinsa da haruffan CCA tana nuna yawan wutar da zai iya bayarwa na tsawon daƙiƙa 30 a wannan sanyi. Ke nan a daidai lokacin da inji ya fi bukatar ƙarfi, a lokacin ne batir ya fi rauni.

Na huɗu kuwa shi ne man kansa. A cikin man dizal akwai wani kaki irin na kyandir wanda yake narke a yanayin zafi. Idan sanyi ya yi yawa sai man ya fara dusashewa, kakin ya fito ƙanana-ƙanana, ya toshe filta. Mota tana iya tashi ta yi tafiyar 'yan kilomitoci, sannan ta mutu a tsakiyar hanya saboda mai ya daina wucewa, alhali tanki yana cike.

Maganin Da Aka Saba Da Iyakarsa

A garuruwan ƙasashen sanyi an daɗe da samun magani mai sauƙi, wato hitar lantarki da ake dasawa a jikin inji, cikin ruwan da ke zagaya shi. Wani injiniyan lantarki mai suna Andrew Freeman, a jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka, ya sami rajistar ƙirƙiro irin wannan hita a 1949. A yau idan mutum ya je birane irin su Fairbanks a Alaska ko Winnipeg a Kanada, zai ga wayoyi suna leƙowa daga gaban motoci, kuma wuraren ajiye motoci da dama suna da soket a jikin turaku. Hitar babbar mota takan ci wuta wat 1,000 zuwa 1,500, kuma takan bukaci sa'o'i da dama kafin ta ɗumama inji.

To amma babbar mota ba a gida take kwana ba. Tana kwana a bakin hanya, ko a dajin da ake saran katako, ko a filin haƙar ma'adinai, ko a layin jiran shiga tashar jiragen ruwa. Ko a cikin gari ma lantarki yana iya yankewa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. A watan Fabrairun 2021 wani sanyi da ba a saba gani ba ya sauka a jihar Tekzas ta Amurka, gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 4 suka rasa wuta, kuma man da ke tankunan motoci, wanda ba a haɗa shi domin irin wannan yanayi ba, ya daskare wa direbobi da yawa. Don haka ne masu harkar sufuri suka ɓullo da wasu hanyoyi da ba su dogara ga soket ba.

Barin Inji A Kunne

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda aka ambata da farko, wato a bar inji yana aiki alhali mota tana tsaye. Ba ta bukatar sayen kome, shi ya sa ta fi yawa. Amma ita ce mafi tsada idan aka yi lissafin shekara. Cibiyar bincike ta Argonne, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, ta ƙiyasta cewa babbar mota takan ƙona kimanin lita 3 a kowace sa'a tana tsaye, kuma motar dogon zango takan yi kimanin sa'o'i 1,800 a shekara a wannan hali. Ke nan sama da lita 5,000 ne ke tafiya ba tare da taya ta juya ko sau ɗaya ba.

Asarar ba ta tsaya ga mai ba. Injin da ke aiki ba tare da ɗaukar nauyi ba, ba ya yin zafin da ya kamata, don haka man ba ya ƙonewa sarai. Baƙin hayaƙi yana taruwa a nozul da bawul, ɗanyen mai yana gangarawa ya tsinka baƙin mai, lokacin juye ya matso kusa. A sababbin motoci masu matatar hayaƙi a cikin salansa, matatar tana saurin toshewa, gyaranta kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Har ila yau hukumomi sun sa baki. Jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana barin babbar mota a kunne fiye da minti 5, kuma daga 2008 dokar ta haɗa har da motocin da direba ke kwana a ciki, sai dai waɗanda injinsu ya sami shaidar musamman. A Jamus ma dokar hanya ta hana barin inji yana aiki ba bisa lalura ba.

Duk da haka, inda sanyi ya kai digiri 40 ko 50 ƙasa da sifiri, har yanzu direbobi da yawa sun fi amincewa da wannan hanya, domin a can asarar mai ta fi asarar rai sauƙi.

Hura Wuta Ƙarƙashin Mota

Hanya ta biyu tsohuwa ce ƙwarai. A lokacin sanyin 1941, sojojin Jamus da suka doshi birnin Mosko sun riƙa hura wuta a ƙarƙashin motocinsu da tankokin yaƙi kafin su tashi. Har gobe akwai direbobin da ke tura kaskon garwashi ko fitilar walda ƙarƙashin kaskon baƙin mai. Dabarar tana aiki, amma haɗarinta a fili yake. Ƙarƙashin tsohon inji ba ya rasa yoyon mai, ga wayoyi da tiyo na roba, ga tankunan wasu motoci da bututun mai da aka yi da leda. Harshen wuta kuma yana ƙona baƙin man da ke daf da ƙarfe ya lalata shi, alhali sauran yana nan da sanyinsa. Wanda motarsa ta ƙone ta wannan hanya zai sha wahala kafin kamfanin inshora ya saurare shi. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kamfanonin da ke aiki a arewacin Kanada da Saberiya sun gyara wannan dabara ta yadda haɗarinta ya ragu. Sukan lulluɓe gaban mota da tamfol har ƙasa, su ajiye injin hura iska mai zafi can gefe, su jawo iskar da babban tiyo zuwa ƙarƙashin tamfol ɗin. Wuta tana nesa, zafi kaɗai ke isowa, kuma yana ɗumama inji da batir da filta baki ɗaya. Sai dai dole a kula da hayaƙi. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashe mutumin da ya shiga ƙarƙashin tamfol ko ya kwanta a cikin mota ba tare da ya ankara ba.

Ƙaramin Janareta

Hanya ta uku ita ce direba ya tafi da lantarkinsa. Janareta mai ƙarfin wat 2,000 ya isa ya ɗauki hitar inji, kuma wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya yi sana'a a ƙasar nan. Amfaninta shi ne araha wajen saye, kuma ana iya yi wa batir caji da shi. Illarta kuwa uku ce. Shi kansa janaretan sai an sha fama kafin ya tashi a cikin sanyi. Sai direba ya farka sa'o'i 3 ko 4 kafin tafiya, ya kuma yi gadinsa kada a ɗauke. Sannan ta fuskar tattali akwai ɓarna, domin ƙaramin janareta yana mayar da kimanin kashi 1 cikin 5 ne kawai na ƙarfin man da ya sha zuwa lantarki, sauran yana bin iska. An ƙona mai an sami zafi, an mayar da kaɗan daga cikinsa lantarki, sannan an sake mayar da lantarkin zafi.

Akwai babban yayan wannan dabara a Amurka, wato ƙaramin injin dizal da ake ɗaurawa a gefen mota dindindin, irin wanda kamfanonin Thermo King da Carrier ke yi. Yana ba da lantarki, yana ɗumama ruwan babban inji, yana kuma sanyaya ɗakin direba da rani. Yakan sha kimanin lita 1 a sa'a, amma yana da tsada da nauyi, har sai da dokar Amurka ta 2005 ta ba da damar yi wa motar da ke ɗauke da shi rangwamen nauyi a ma'auni.

Hita Mai Shan Man Motar

Hanya ta huɗu ita ce wadda akasarin kamfanonin sufuri na Turai da Kanada suka tsaya a kanta. Wata 'yar na'ura ce da girmanta bai wuce na batirin ƙaramar mota ba, wadda ke shan mai daga tankin motar. Kamfanonin Jamus biyu, Webasto da Eberspächer, su ne suka fi shahara da ita, ko da yake a yau Rasha da Sin ma suna yin nasu. Tun zamanin Tarayyar Sobiyet motocin KAMAZ da Ural suna fitowa da irin wannan hita daga masana'anta.

Yadda take aiki shi ne, wani ɗan famfo yana jawo mai ɗigo-ɗigo zuwa wani rufaffen murhu, fanka tana hura iska, wani ƙarfe mai zafi ya kunna wutar. Ruwan inji yana zagaya bayan murhun ya ɗauki zafi, wani famfon kuma ya tura shi ya zaga cikin inji ya dawo. Wutar a rufe take, hayaƙinta kuma yana fita waje ta nasa bututun. Direba yana iya saita agogo tun da dare, kafin ya farka inji ya yi ɗumi kamar wanda aka kashe ɗazu. Akwai kuma wata ƙaramarta wadda iska kawai take ɗumamawa domin ɗakin kwanan direba.

Alkaluman suna nuna dalilin karɓuwarta. Lita 1 ta man dizal tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin kilowat 10 na sa'a guda. Hita mai ba da zafin kilowat 5 takan sha kimanin kashi 6 cikin 10 na lita a sa'a, ke nan sama da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin man yana shiga ruwan inji. Injin babbar tirela nauyinsa ya kai tan 1 ko fiye, ban da ruwa da baƙin mai. Kafin a ɗaga zafin wannan ƙarfe da ruwansa da digiri 40, ana bukatar kimanin kilowat 6 zuwa 7 na sa'a guda. Wannan hita za ta yi aikin cikin sa'a 1 zuwa 2, alhali ta lantarki sai ta shafe sa'o'i 4 ko fiye.

Ita ma tana da nata sharuɗɗan. Fankarta da famfunanta daga batir suke shan wuta, don haka idan batir ya tsufa, ana iya wayar gari inji da ɗumi amma babu ƙarfin juya shi. Idan man tanki ya daskare, ita ma ba za ta kama ba. Ba a kunna ta a gidan mai ko a rufaffen gareji, kuma dokokin Turai na jigilar kaya masu haɗari sun gindaya sharuɗɗa na musamman kan sa ta a tankokin mai. Masu yin ta suna ba da shawarar a riƙa kunna ta kamar minti 10 sau ɗaya a wata ko da rani ne, kada ta cushe.

Sauran Dabaru

Masu saran katako a dazuzzukan arewa suna da dabarar aron zafi. Sukan zo da ƙaramar mota mai zafin inji, su haɗa ruwanta da na babbar ta tiyo biyu, ruwan zafi ya shiga, na sanyi ya fito. Dabarar ba ta cin kuɗi, amma ruwa mai tsananin sanyi da ya faɗa cikin inji mai zafi farat ɗaya yana iya tsaga masa kai, kuma dole ruwan motocin biyu ya zama iri ɗaya.

Akwai kuma maganin feshi mai sinadarin ita, wanda ke kamawa tun a zafin digiri 160. Yana tayar da inji nan take, amma idan aka yi masa yawa yakan fashe kafin lokaci, ya karya zoben fistan ko ya lanƙwasa sandarsa. Mafi muni shi ne a fesa shi a injin da ke da hitar silinda ko hitar bakin shaƙar iska, domin yana iya tashi da wuta a fuskar mai feshin. Wannan gargaɗi ya shafi masu kanga tsumma mai fetur a bakin shaƙar iska, kamar yadda akan gani a wasu tashoshinmu.

Rigakafi Ya Fi Magani

Duk hitar da aka saya ba za ta yi amfani ba idan ba a shirya mai da batir ba. Ƙa'idar man dizal ta Turai, wadda ake kira EN 590, ta kasa mai aji-aji bisa sanyin da zai iya jurewa kafin ya toshe filta, tun daga digiri 5 sama da sifiri har zuwa digiri 44 ƙasa da sifiri domin yankunan arewa mai nisa. A Jamus, daga 16 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, man da ake sayarwa dole ya jure digiri 20 ƙasa da sifiri, alhali na rani iyakarsa sifiri. A Amurka da Kanada akan gauraya man da aka saba da wani mai tsinkakke da ya yi kusa da kananzir, wanda ba ya saurin daskarewa amma bai kai ɗayan kai mota nesa ba. Maganin hana daskarewa da ake zubawa a tanki kuwa, sai an zuba shi tun man bai dusashe ba. Tsohuwar al'adar zuba fetur a cikin dizal tana lalata famfon injinan zamani, saboda man ne ke shafe sassansa.

Game da baƙin mai, lambar da ke gaban harafin W ita ce ke nuna juriyarsa ga sanyi. Mai lamba 15W-40, wanda aka fi amfani da shi a nan, ana gwada shi a digiri 20 ƙasa da sifiri, mai 5W a digiri 30, mai 0W kuma a digiri 35. Ruwan lagireto da aka haɗa rabi da rabi da maganin daskarewa yana jure kimanin digiri 37 ƙasa da sifiri, amma zallan ruwa idan ya daskare yana kumbura da kashi 9 cikin 100, abin da ya isa ya tsaga inji. Batir mai cikakken caji ba ya daskarewa da wuri, wanda ya zube kuwa yana iya daskarewa tun wajen digiri 10 ƙasa da sifiri, kuma haɗari ne a yi wa daskararren batir caji ko a jona shi da wani. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke kwance batir su kwana da shi a ɗaki mai ɗumi.

Lissafin Riba Da Asara

Bari mu kwatanta hanyoyi biyu a dare mai sa'o'i 10. Motar da aka bari a kunne za ta sha lita 30. Wadda ke da hita za ta sha kimanin lita 2 domin ɗumama ɗakin direba dukan dare, da lita 1 da 'yan kai domin ɗumama inji da asuba, jimilla kimanin lita 3. Bambancin lita 27 ne a kowane dare. Idan lokacin sanyi ya ɗauki dare 100, mota ɗaya ta tsimi lita 2,700. Kamfani mai motoci 20 ya tsimi lita 54,000, wato sama da tanka ɗaya da rabi mai cin lita 33,000. Mai mota zai iya raba kuɗin sayen hita da na dasa ta da kuɗin lita 27, ya ga darare nawa za ta yi kafin ta biya kanta. Ba a ma sa kuɗin juye da gyaran da aka kauce wa a wannan lissafi ba, balle asarar ranar da kaya suka kwana a hanya.

Darasi Ga 'Yan Kasuwarmu

Darasi na farko na masu zuwa sayen mota ne. Motar da aka ajiye a filin dillali tun watan Yuli ko Agusta, akwai yiwuwar man rani ne a tankinta. Idan ta ƙi tashi a watan Janairu, ba lalle ne inji ke da laifi ba, kuma mai saye yana iya barin mota mai kyau a kan abin da sabuwar filta da sabon mai za su warware. A ɗaya ɓangaren kuma, inji mai ɗumi yana ɓoye aibi. Tunda ana iya ɗumama shi da hita kafin mai saye ya iso, ya kamata mutum ya taɓa jikin inji da tiyon lagireto da hannunsa, ya nemi a tayar da motar a gabansa tana da sanyi. Daɗewar juyawa kafin ta kama, da farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa, alamu ne na raunin matsi ko lalacewar nozul. A tuna kuma cewa jiragen ruwan da ke ɗaukar motoci daga Antwaf ko Hambog zuwa Legas da Kwatano sun fi son motar da za ta shiga da ƙafarta. Wadda ta mutu a bakin tasha tana jawo ƙarin kuɗin ja, ko ma jirgi ya tafi ya bar ta.

Na biyu, motoci da yawa daga cikin waɗanda ake kira 'yan Beljiyam suna isowa da waɗannan na'urori a jikinsu. Kafin bakanike ya yanke waya ko tiyon da bai gane ba, yana da kyau a san aikinsa, domin hitar ruwa tana haɗe da ruwan inji da bututun mai, kuma cire ta da ganganci yana jawo yoyo ko shigar iska cikin mai. Haka nan ruwan lagireto mai launi da motar ta zo da shi yana da amfani a ƙasar zafi, saboda yana hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa kamar ruwan rijiya.

Na uku ya shafi hunturunmu. A Jos ko Potiskum ko Kano, asubahin Disamba da Janairu yakan sa wasu motoci yin gardama, kuma a hamadar arewacin Nijar sanyin dare yakan kusanci sifiri. Amma sanyin Nijeriya bai kai wanda zai hana lafiyayyen injin dizal tashi ba. Idan mota ta ƙi tashi a sanyin digiri 10 ko 12 sama da sifiri, to, hunturu ya tona wata cuta ce da take ɓoye: ko batir ya gaji, ko hitar silinda ta mutu, ko nozul ya ci, ko matsi ya ragu, ko kuma an sha gurɓataccen mai. Gyara wannan ya fi arha a kan kwana da inji a kunne, ko neman gangare domin turi.

Daga ƙarshe akwai al'adar barin mota tana aiki na tsawon sa'a guda kowace safiya da sunan ɗumamawa. Abin da masu ƙera injina ke cewa shi ne 'yan mintuna sun isa, gwargwadon yadda baƙin mai zai zaga kuma iskar birki ta cika, sannan a tashi a hankali, domin inji ya fi saurin ɗumama idan yana tafiya. Sa'a guda a kullum, a kwanakin aiki 300, lita 900 ke nan a shekara ga mota ɗaya. Tun daga 2022 farashin man dizal ya yi tashin gwauron zabi a ƙasar nan, har ya haura naira 1,000 a kowace lita a ƙarshen 2023. Ko da a kan naira 1,000 aka yi lissafi, naira 900,000 ne ke fita ta salansa a kowace mota. Direban Yakutsk yana da hujjar barin injinsa a kunne, tunda ransa ya dogara a kai. Mai motar da ke kwana a Mararrabar Jos ko Tafa kuwa, ya kamata ya buɗe littafin mansa ya duba ko shi ma yana da irin wannan hujja.